Ciwo Ɗaya, Magani Ɗaya, Jiki Daban: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gado da Yadda Hanta Ke Sarrafa Magani

Daga Kawo zuwa Kakuri, babu kemis ɗin da ba a ji mutum ya ce "wannan maganin ba ya karɓata" ko "jinina ya fi ƙarfinsa". Sau da yawa ana ɗaukar maganar a matsayin raki ko camfi. Wani lokaci kuwa gaskiya ce tsantsa, kuma tushenta yana cikin abin da mutum ya gada daga iyayensa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu, musamman abin da bincike ya gano tsakanin Larabawa da baƙar fata, da abin da ya shafe mu a nan Kaduna.

Da gaske ne magani zai yi wa wani aiki ya ƙi wani, alhali ciwonsu ɗaya?

Da gaske ne. Dalilan suna da yawa: shekaru, nauyin jiki, lafiyar ƙoda da hanta, abin da aka ci, wasu magungunan da ake sha tare, da ingancin shi kansa maganin. Gado ɗaya ne daga cikinsu, amma a wasu magunguna shi ne babba. Mutum biyu za su haɗiyi ƙwaya iri ɗaya a lokaci ɗaya, a auna jininsu bayan wasu sa'o'i, a tarar abin da ke jinin ɗaya ya ninka na ɗayan sau da yawa.

Me ke faruwa da magani bayan an haɗiye shi?

Yawancin magunguna daga hanji suke shiga jini, su bi ta hanta. A cikin hanta akwai wasu sinadarai da jiki ke ƙerawa da kansa, ana ce musu inzayim, aikinsu su sauya fasalin maganin domin ƙoda ta iya fitar da shi a fitsari, ko ya fita ta bayan gida. Babban gida a cikinsu shi ne wanda ake yi wa laƙabi da CYP, kuma kowane ɗan gidan da lambarsa: CYP2D6, CYP2C19, CYP2C9, CYP2B6, CYP3A5 da sauransu. CYP2D6 kaɗai yana da hannu a sarrafa kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na magungunan da ake rubutawa yau da kullum.

A ɗauki hanta a matsayin gidan niƙa. Wani injinsa sabo ne, yana cinye buhu nan da nan. Wani nasa a hankali yake tafiya, hatsi ya taru a baki. Wani kuma injin ma bai tashi ba. Umarnin ƙera kowane inzayim yana rubuce a ƙwayar gado, kuma kowa yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Gwargwadon kwafin da mutum ya samu ne likitoci ke raba mutane gida huɗu: waɗanda inzayim ɗinsu ba ya aiki, masu jinkiri, matsakaita, da masu tsananin sauri.

Abin da ya kamata a riƙe sosai shi ne magunguna iri biyu ne. Akwai wanda da ƙarfinsa yake shigowa, hanta ce ke kashe shi. Wannan a jikin mai jinkiri taruwa yake yi har ya yi illa, a jikin mai sauri kuma ya ƙare kafin ya yi aiki. Akwai kuma wanda a kwance yake shigowa, sai hanta ta tashe shi. A nan lissafin juyewa yake yi: mai jinkiri ba ya jin komai, mai sauri kuma ya sami fiye da kima.

Sabon ilimi ne?

A'a. Tun shekarun 1950 aka lura cewa maganin tarin fuka mai suna isoniyazid yana daɗewa a jinin wasu fiye da wasu. A 1977 masu bincike a asibitin St Mary's da ke Landan suka nuna cewa rashin iya sarrafa wani maganin hawan jini, debrisokwin, gadonsa ake yi, daga baya aka gane cewa CYP2D6 ne sila.

To ina Larabawa da baƙar fata suka shigo cikin maganar?

Nau'o'in waɗannan ƙwayoyin gado ba su rabu daidai a duniya ba. CYP2D6 ne misalin da ya fi fitowa fili. A cikin Turawa, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba su da inzayim ɗin mai aiki kwata-kwata, masu tsananin sauri kuma a arewacin Turai ba su wuce kashi 1 zuwa 2 ba. Da aka juyo gabashin Afirka da ƙasashen Larabawa sai hoton ya sauya. Wani bincike da aka buga a 1996 ya tarar kashi 29 cikin 100 na Habashawan da aka gwada suna ɗauke da kwafin ƙwayar fiye da biyu, wato an ninka musu ita. A 1997 aka sami kashi 21 cikin 100 a Saudiyya. Wato kusan mutum ɗaya cikin biyar a can, hantarsa na gudu da duk maganin da ya biyo ta wannan hanya.

A kudu da Sahara labarin daban ne. A 1996 ɗin dai, Collen Masimirembwa da abokan aikinsa suka bayyana wani nau'i a Zimbabuwe, wanda ake kira CYP2D6*17. Yana aiki, amma da rauni. A mutanen da suka gwada, kusan ɗaya cikin kowane kwafi uku irinsa ne. Ana samunsa da yawa a Afirka ta Yamma da kuma baƙaƙen Amurka, da ƙyar ake ganinsa a Turawa. Akwai ɗan'uwansa, CYP2D6*29, shi ma na Afirka ne, shi ma mai rauni. Saboda haka a yankinmu, waɗanda inzayim ɗinsu ya mutu gaba ɗaya kaɗan ne, masu jinkiri kuwa suna da yawa, sannan akwai 'yan tsirarun masu sauri.

Ga inda abin yake damuna. An daɗe ana ƙera na'urorin gwaji bisa nau'o'in da aka sani a Turawa. In gwajin bai nemi *17 ko *29 ba, zai rubuta wa ɗan Rigasa "matsakaici" alhali mai jinkiri ne. Sakamakon da ya zo da tambarin ɗakin gwaji ba a cika musa masa ba, ko da majiyyaci yana kuka.

Me ya haɗa wannan da kodin da tiramadol?

Su ne manyan misalan maganin da sai hanta ta tashe shi. Kodin da kansa ba ya kashe ciwo sosai. CYP2D6 ne ke mayar da wani ɓangarensa mofin, mofin ɗin ne ke aiki. Tiramadol ma haka, inzayim ɗin ne ke fitar da sinadarin da ya fi ƙarfi daga cikinsa. Mai tsananin sauri zai sha awon da aka saba bayarwa, jikinsa ya cika da mofin, barci mai nauyi ya ɗauke shi, numfashinsa ya yi ta raguwa. An rasa yara ta wannan hanya bayan aikin cire ƙululun maƙogwaro, shi ya sa hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da kakkausan gargaɗi a 2013, a 2017 kuma ta hana ba wa yaro ɗan ƙasa da shekara 12 kodin ko tiramadol, ta kuma gargaɗi masu shayarwa, domin sinadarin yana bi ta nono.

A Najeriya gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, saboda shaye-shaye. Amma tiramadol bai bar unguwanninmu ba, har da masu ƙarfin miligiram 225 da ba a amince da su ba, alhali na asibiti 50 ne ko 100. Matasa biyu za su sha adadi ɗaya, ɗaya ya tashi ya ci gaba da tura baro, ɗayan a kai shi asibiti ranga-ranga. Wanda ya tsira yana ganin ƙarfin hali ne ya cece shi, sai ya ce wa na ƙasa da shi "ai ba komai". Babu mai iya sanin wane irin kwafi ke jikinsa ta hanyar kallon abokinsa.

Ɗana sikila ne. In ciwo ya tashi ana ba shi tiramadol amma kamar ba a ba shi ba, har an fara cewa ya saba da ƙwaya. Yaya zan yi?

Baiwar Allah, sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba shi lafiya. Wannan tambayar ce ta fi taɓa mini zuciya, domin ana haihuwar yara kusan 150,000 da sikila duk shekara a ƙasar nan, kuma ciwon ƙashinsu ba abin wasa ba ne. Yana yiwuwa ƙwarai ɗanki yana cikin masu jinkirin CYP2D6. In haka ne, kodin da tiramadol ba za su ba shi sauƙin da ake tsammani ba, komai gaskiyarsa. Yaron da ke murƙususu yana cewa "bai yi ba" ya cancanci a saurare shi kafin a zarge shi.

Kada ki ƙara masa ƙwaya da kanki. Tiramadol yana da wata hanyar aiki ta daban a ƙwaƙwalwa wadda ba ta jiran hanta, kuma idan ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ki koma wurin likitan da ke ganinsa a asibitin sikila, ko a Barau Dikko ne ko Shika ko inda kuka saba, ki faɗa masa dalla-dalla: sunan maganin, awon da aka ba shi, da abin da ya biyo baya kowane karo. Akwai magungunan kashe ciwo da ba sa bin wannan hanyar. Mofin kansa yana cikinsu, kuma a hannun likita, a kan gadon asibiti, shi ne ake amfani da shi a duniya wajen ciwon sikila mai tsanani. Ki kuma tambaya ko ya dace a ɗora shi kan haidiroksiyuriya, maganin da ke rage yawan tashin ciwon tun farko. In shekarunsa ba su kai 12 ba, ki tuna wa duk mai rubuta magani shekarun nasa.

Mu Hausawa da Fulani, da Larabawa za a haɗa mu ko da sauran baƙar fata?

Ba za a iya ɗaukar alƙaluman Riyad ko na Addis Ababa a ɗora mana ba, haka ma na Harare ko na Atlanta. Nahiyar Afirka ce ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin gado a duniya. Habasha da Zimbabuwe duka baƙar fata ne, amma a CYP2D6 ɗaya ta yi suna da sauri, ɗaya da jinkiri. Larabawa ma ba jinsi guda ba ne: ɗan Sudan, ɗan Lebanon, ɗan Maroko da ɗan Oman harshe ya haɗa su, tarihin kakanninsu ya sha bamban. Mu kuma muna bakin hanyar fatauci ne tun ƙarnoni, daga Gadamas da Tarabulus zuwa Kano da Katsina, ga hanyar hajji ta ƙasa da ta bi ta Sudan, ga auratayya da Barebari, Buzaye, Shuwa, Nufawa da Gwari. Jihar Kaduna kaɗai tana da ƙabilu da dama, kowace da tarihinta.

An yi 'yan bincike da suka haɗa da Hausawa, Yarbawa da Ibo, amma mutanen da aka gwada kaɗan ne. Manyan ayyukan tattara ƙwayoyin gado na duniya daga Najeriya Yarbawan Ibadan suka ɗauka, daga baya aka ƙara da Esan na jihar Edo. Lissafin da aka yi a 2019 ya nuna kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da ke cikin manyan binciken gado da cututtuka 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kusan kashi 2. A 2020 shirin binciken ƙwayoyin gadon 'yan Afirka mai suna H3Africa ya karanta ƙwayoyin mutum 426 daga ƙabilu 50, ya ci karo da sauye-sauye fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Muna da tsangayar harhaɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, muna da Jami'ar Jihar Kaduna, muna da marasa lafiya cike da layi. A ganina wannan aiki ne da ya kamata a zuba masa kuɗi a gida, domin babu wanda zai zo daga waje ya damu da ɗan Giwa ko 'yar Zangon Kataf fiye da mu.

Ke nan likita zai iya duban launin fatata ko ƙabilata ya san awon da zai ba ni?

Ba zai iya ba. Alƙaluman al'umma suna faɗa masa abin da zai sa wa ido ne kawai. Ko a Habasha, bakwai cikin goma ba masu tsananin sauri ba ne. 'Yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya ma suna iya bambanta.

Na san masu shan maganin ƙanjamau da suka yi fama da jiri da munanan mafarkai. Akwai alaƙa?

Akwai, kuma wannan na cikin misalan da suka fi tabbata a nahiyarmu. Tsohon haɗin da aka daɗe ana bayarwa yana ɗauke da efabirenz, wanda CYP2B6 ke sarrafawa. Wani nau'i mai jinkiri, CYP2B6*6, ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na kwafin ƙwayar a mutanen Najeriya da aka gwada. Bisa wannan lissafi, kusan mutum ɗaya cikin shida ya gaji kwafi biyu masu jinkiri, maganin ya taru a jininsa, ya taɓa ƙwaƙwalwa: jiri, rashin barci, mafarkai masu firgitarwa, wasu har da rikicewar tunani. Da yawa sun daina shan magani a ɓoye saboda wannan, wasu aka kai su wajen ruƙiyya ana zaton iska ce. Daga baya bincike ya nuna miligiram 400 yana danne cutar kamar 600, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita haɗin da ke da dolutegirabir, wanda shi ne yawancin masu karɓar magani a Najeriya suke kai yanzu. Duk wanda har yanzu yake kan efabirenz yana kuma jin waɗannan alamu, ya gaya wa asibitin da yake karɓa, kada ya yanke da kansa.

Maganin tarin fuka fa?

Inzayim ɗin da ke kula da isoniyazid sunansa NAT2. Kusan rabin Turawa da rabin baƙar fata a wurare da yawa masu jinkiri ne. A Masar an sami kusan kashi 80 cikin 100, a Japan kusan kashi 10. Mai jinkiri ya fi shiga haɗarin zugi da mutuwar tafin ƙafa da hannu, da kuma taɓuwar hanta. Shi ya sa ake haɗa wa mutane da yawa bitamin B6. Maganin tarin fuka na wata shida ne, kyauta ake bayarwa, kuma cibiyar horarwa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta tana nan Saye kusa da Zariya. In ido ya yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya yi duhu, a koma asibiti a ranar.

Ana yawan ambaton G6PD. Shi ma inzayim ɗin hanta ne?

Shi a cikin jajayen ƙwayoyin jini yake, aikinsa kare su daga lalacewa. Na sako shi ne domin shi ya fi haɗa mu da Larabawa, kuma shi ya fi saurin kai yaro ga ƙarin jini. Kimanin mutum miliyan 400 ne ke da ƙarancinsa a duniya. Ta wajen uwa namiji ke gadonsa, don haka maza ya fi kamawa. A Najeriya, gwargwadon yanki, ana samun ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin biyar na maza. Nau'in da ya yaɗu a Afirka yana barin ɗan ragowar aiki. Wanda ya yaɗu a ƙasashen Larabawa da gaɓar Bahar Rum ya fi tsanani, kuma yana da yawa a gabashin Saudiyya, wajen Ƙaɗif da Al-Ahsa.

Mai wannan ƙarancin lafiyarsa ƙalau har sai ya haɗu da abin da zai fasa masa jini. Daga ciki akwai firimakwin na zazzaɓin cizon sauro, dafson na kuturta, da naitirofurantoyin na ciwon mafitsara. A 2008 aka janye wani maganin zazzaɓi mai suna Lapdap daga kasuwa saboda wannan dalili. Akwai kuma abubuwan gida da iyaye mata ya kamata su sani: ƙwallon kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri, da lalle idan aka shafe jikin jinjiri da shi, abin da likitoci a ƙasashen Larabawa suka sha ba da rahoto. Alhazai kuma sun san ful, waken da ake karyawa da shi da tamis a Makka da Madina. Shi ne sanannen abincin da ke tayar da wannan matsala, musamman ga masu nau'i mai tsanani. Alamun su ne fitsari ya koma baƙi-baƙi, ido ya yi ɗorawa, tafin hannu ya yi fari, mutum ya kasa tsayuwa. Jaririn da shawara ta kama a kwanakin farko asibiti za a kai shi, ba shanya shi a hantsi ba, domin idan ta yi yawa ƙwaƙwalwa take taɓawa.

Ƙaiƙayin kulorokwin da rashin jin wasu magungunan hawan jini duk wannan ne?

Gado yana ciki, amma ta wata ƙofa. Ƙaiƙayin kulorokwin ya yi yawa a baƙar fata, yana kuma bin dangi, sai dai a jijiyoyin fata maganin ke tayar da shi. Najeriya ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓi tun 2005. Hawan jini kuma ya shafi yadda ƙoda ke riƙe gishiri: irin su lisinofiril su kaɗai ba sa saukar da jinin baƙar fata sosai. Binciken CREOLE na 2019, wanda Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, ya nuna haɗin da ke da amlodifin ya fi aiki.

Mahaifina ya yi dashen ƙoda a Masar, aka dawo ana ta ƙara masa magani. Kuskure aka yi a can?

Ba lallai ba ne, ɗan'uwa. Maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙoda, takrolimus, CYP3A5 ne ke cinye shi. Yawancin 'yan Afirka ta Yamma suna da wannan inzayim a raye, yayin da a yawancin Turawa da Larabawa da dama a kashe yake. Mai inzayim a raye yakan buƙaci ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na awon farko. Abin da ke raba gardama shi ne auna yawan maganin a jini a kai a kai, kada Baba ya tsallake wannan gwajin ko da yana jin garau.

Makamancin haka yake a wafarin, maganin tsinka jini da ake ba masu ƙarfe a zuciya ko gudan jini a jijiya. Nau'o'in CYP2C9 da aka fara sani, *2 da *3, na Turawa da mutanen Gabas ta Tsakiya ne. Na baƙar fata su ne *5, *6, *8 da *11. A wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2013, lissafin awo da aka gina kan nau'o'in farko bai taimaki baƙaƙen fata ba, sakamakonsu ma ya fi muni. Mai shan wafarin gwajin INR, wanda ke auna saurin daskarewar jini, shi ne jagoransa.

Me ya kawo wannan bambanci tun asali?

A G6PD amsar a fili take: ƙarancinsa yana ba da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ya yaɗu inda sauro ya yi yawa, kamar yadda ƙwayar sikila ta yaɗu. A CYP2D6 masana na danganta ninkuwar da abinci, wato a wuraren da mutane suka rayu kan tsirrai masu ɗaci da guba, mai hanta mai sauri ya fi tsira. A CYP3A5 ana danganta shi da riƙe gishiri da ruwa a ƙasashe masu zafi. Waɗannan biyun hasashe ne na masana, hujjarsu ba ta kai ta farkon ƙarfi ba.

Auren zumunci yana da tasiri?

Yana ƙara yiwuwar yaro ya sami kwafi iri ɗaya daga ɓangarori biyu, mai rauni ne ko mai ƙarfi. Al'ada ce da muke da ita, Larabawa ma suna da ita. Amfanin sanin haka shi ne, idan magani ya taɓa kayar da wani a gidanku, labarin yana da daraja. A riƙe sunan maganin, a faɗa wa likita.

Gwajin jinotayif da muka yi kafin aure bai nuna wannan ba?

Bai nuna ba. Wancan AA, AS ko SS yake dubawa, wato sikila. Rukunin jini na A, B da O ma wani abu ne daban.

Ko mutum ya gaji matsakaicin inzayim, wani abu zai iya sauya shi?

Ƙwarai. Rifamfisin na tarin fuka yana zaburar da hanta har ƙwayar tazarar haihuwa ta rasa ƙarfi, mace ta ɗauki cikin da ba ta shirya ba. Wasu magungunan damuwa, irin fuluwoksetin da faroksetin, suna toshe CYP2D6, mai shansu ya koma kamar wanda bai gaji inzayim ɗin ba. Masu karɓar magani a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa su riƙa nuna katinsu duk inda za a rubuta musu wani. Hayaƙin taba yana hanzarta wani inzayim ɗin hanta, CYP1A2. Ciwon hanta, wanda ya yi yawa a cikinmu, yana rage aikin dukkansu. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe ma ta hantar suke bi, saboda haka a daina ɓoye wa likita su don kunya.

Ana yin gwajin a Kaduna? In ban samu ba me zan yi?

Gwajin G6PD ana samunsa a manyan asibitoci da ɗakunan gwaji, kuma ya cancanci a yi wa yaron da ya taɓa shawara mai tsanani ko fitsarinsa ya taɓa yin baƙi bayan shan magani. Gwajin ƙwayoyin CYP kuwa bai shiga cikin gwaje-gwajen yau da kullum na asibitocin gwamnati ba, kuma yana da tsada. Amfaninsa ya tabbata a inda aka jarraba: wani bincike na 2023 a ƙasashen Turai bakwai, kan mutum kusan 7,000, ya nuna duba ƙwayoyin gado 12 kafin rubuta magani ya rage munanan illoli da kusan kashi 30 cikin 100. Wanda ya sami halin yi a waje, ya tambaya tun kafin ya biya ko gwajin yana duba nau'o'in Afirka, irin *17 da *29 na CYP2D6 da *8 na CYP2C9. Sau ɗaya ake yinsa a rayuwa, don haka a adana takardar.

Kafin nan, a sami ɗan littafi a gida a riƙa rubuta sunan duk maganin da ya taɓa yi wa wani illa ko ya ƙi aiki, da awonsa, da abin da ya faru. In rubutun zai yi wuya a ajiye kwalin ko a ɗauki hotonsa a waya. Kada a ninka ƙwaya don ta farko ba ta yi ba, kada a ba wa maƙwabci ragowar abin da ya karɓe ka, kada kuma a sha maganin da aka yo tsarabarsa daga Saudiyya ko Masar ba tare da mai harhaɗa magunguna ya duba shi ba. Idan magani ya yi mummunar illa, ma'aikacin lafiya zai iya cike takardar rahoto ta NAFDAC, majiyyaci ma zai iya aikawa da kansa ta manhajar Med Safety a wayarsa.